Tambaya: Yaya zan ɗaure kibiya, hoto da rubutu da juna a samfurin allo don kada su riƙa gocewa?

Sabon-shiga ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu wannan sana'a. An ba ni aikin zana allunan nuna hanya na wani babban gini mai hawa huɗu, kuma adadinsu ya haura ɗari. Girmansu duk ɗaya ne, wato faɗi milimita 900 da tsayi milimita 200, kuma abubuwa huɗu ne ke kan kowane allo: kibiya, hoton alama, sunan wuri, sai lambar ɗaki a ƙarshe. Domin in rage wa kaina wahala, na zana samfuri guda ɗaya, na ajiye kowane abu a mazauninsa ta hanyar rubuta nisansa daga kusurwar allon, da niyyar in riƙa kwafa ina canza suna da lamba kawai.

Allon farko ya fito tsaf, amma daga na biyu lissafi ya fara rushewa. Da na rubuta "Ofis" sai aka bar fili fetal tsakanin sunan da lambar, da na rubuta "Sashen Kula da Ma'aikata" kuwa sai sunan ya haye kan lambar har ya rufe ta. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, da na buga guda goma na gwaji na jera su a kan tebur, sai na ga rubutun ba ya zaune a layi ɗaya: na "Ɗakin ajiya" ya ɗan haura sama, na "Ofis" ya ɗan sauka ƙasa, alhali a kowannensu maɓalli ɗaya na danna don in tsakaita rubutun a allon. Haka ma hotunan, wasu sun matso kusa da suna, wasu sun yi nesa da shi.

Tambayata ita ce, wace hanya ƙwararru suke bi su tsara samfuri ta yadda matsayin kowane abu zai dogara da na kusa da shi, idan ɗaya ya canza sauran su bi shi ba tare da an koma ana jan su da hannu ba? Kuma daga ina ya kamata a fara awo, daga bakin allo ne ko daga rubutu? Da manhajar zane ta CorelDRAW nake aiki, amma ina da wata mai suna Inkscape a kwamfutata idan ita ce za ta fi dacewa. Na gode.

Tsohon Hannu ya rubuta:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin ba na manhajar ba ne, domin ta yi daidai abin da ka ce ta yi. Ka kafa wa abubuwa huɗu turaku huɗu, kowanne ba ruwansa da ɗan'uwansa, saboda haka babu yadda za a yi lamba ta san cewa suna ya ƙara tsawo. Tun ranar gini ranar zane: kafin ka ajiye komai a kan allo, sai ka yanke hukunci a kan abu biyu, wato ma'aunin da za ka auna duk tazara da shi, da kuma wanda zai zama turke da waɗanda za a ɗaure a jikinsa.

Batun ma'auni shi ne ya fi muhimmanci a wurina, kuma babu inda aka fi tsananta shi kamar allunan hanyoyin mota na Birtaniya, waɗanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara, aka fara amfani da su a dukkan hanyoyin ƙasar daga 1965. A tsarinsu ba a cewa tazara kaza milimita kaza ce. Ana ɗaukar tsayin ƙaramin harafin x a raba shi huɗu, wannan kason guda shi ne ma'aunin komai. Kowane harafi yana zaune ne a cikin wani ɗan fili da ba a gani mai tsayin kaso takwas, wato ninki biyu na tsayin x, layin da ya kewaye allo kuma kaurinsa kaso ɗaya da rabi ne, haka tazarar kalmomi da girman kibiya duk da wannan kason ake faɗinsu. Amfanin wannan shi ne, idan aka tashi yin allon babbar hanya inda motoci ke gudu, lamba ɗaya tak ake canzawa, wato tsayin x, sai duk sauran awon su tashi tare da ita, siffar allon ta ci gaba da zama yadda take. Littafin ƙa'idojin alamomin hanya na Amurka ma a kan wannan turbar yake, sai dai shi da tsayin babban harafi yake awo: tazarar da ke tsakanin layi da layi kimanin kashi uku cikin huɗu ce na tsayin manyan haruffan, tazarar rubutu da bakin allo kuma kimanin tsayin harafin ce.

To, bari mu ɗora wannan a kan allonka. Ka ɗauki tsayin babban harafi ya zama milimita 40, mu kira shi awo ɗaya. Tazarar baki ta hagu da ta dama awo ɗaya-ɗaya, tazarar da ke tsakanin kowane abu biyu ma awo ɗaya, kibiya da hoto da gurbin lamba kuma kowanne awo biyu da rabi, wato milimita 100. Yanzu sai ɗauri. Kibiya ce kaɗai za a auna daga bakin hagu na allo. Hoto kuwa daga gefen dama na kibiya za a auna shi, suna kuma daga gefen dama na hoto. Lamba ba ta cikin wannan sarƙar, ita a bakin dama na allo za ka ɗaure ta, ka saita rubutunta ya riƙa girma zuwa hagu, ta yadda ko lamba 7 ce ko 214, ƙarshenta yana wuri ɗaya. Suna kuma ka saita shi ya riƙa girma zuwa dama daga inda ya fara. Idan ka cire tazarar baki biyu da gurabe uku da tazararsu daga 900, abin da ya rage wa suna milimita 400 ne, kuma wannan adadin shi ne iyakar da samfurinka ya kamata ya sani.

Wata ƙa'ida da na koya bayan na sha wuya ita ce, a kowace fuska, ta kwance ko ta tsaye, kowane abu ubangida ɗaya ne da shi. Idan ka ce suna ya bi hoto daga hagu, kuma ka ce ya tsakaita kansa a allo, ka ba shi umarni biyu masu karo da juna. Mafi muni shi ne ɗaurin da ke zagayowa, kamar a ce lamba ta bi ƙarshen suna, suna kuma ya tsakaita tsakanin hoto da lamba, domin kowanne yana jiran ɗan'uwansa ya tsaya kafin ya san wurinsa.

Game da manhaja, a CorelDRAW idan ka zaɓi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, na ƙarshen da ka zaɓa shi ne sauran za su daidaita da shi, saboda haka turkenka shi za ka riƙa dannawa a ƙarshe. A Inkscape akwai wurin da za ka zaɓi ko da na farko za a daidaita, ko da na ƙarshe, ko da mafi girma, ko da shafin kansa. Amma ka sani cewa wannan daidaitawar ta lokaci ɗaya ce, ba ta bin abu idan ya canza daga baya. Idan ɗaurin da ke bin canji da kansa kake so, manhajar Figma tana da tsarin jera abubuwa da ke ture na gaba idan na baya ya ƙara girma. Sai dai a irin allonka, da yake guraben uku girmansu ba ya canzawa, layukan jagora da aka kulle sun wadatar.

Malamar Zane ta rubuta:

Malam Tsohon Hannu ya warware batun fuskar kwance, ni kuma zan tsaya a kan abin da mai tambaya ya ce ya fi ɗaure masa kai, domin ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba. Ko an san wanda aka ɗaure da wane, akwai sauran tambaya: daga wane gefen abun ake fara awo?

Manhajar zane ba ta ganin harafi yadda idonka ke ganinsa. Abin da take gani akwati ne mai kusurwa huɗu da ya kewaye abun daga inda ya fi tsawo zuwa inda ya fi sauka, kuma idan ka ce ta tsakaita, tsakiyar wannan akwatin take ɗorawa a tsakiyar allo. Kalmar "Ofis" babu harafi mai wutsiya a cikinta, saboda haka akwatinta ya tsaya a layin da haruffa ke zama a kai. "Ɗakin ajiya" kuwa tana da j da y, waɗanda wutsiyarsu ta sauka ƙasa da wannan layin. Idan babban harafi milimita 40 ne, wutsiyar kuma ta kai kamar milimita 12, to akwatin ya zama 52, kuma tsakaita shi zai ɗaga rubutun gaba ɗaya da rabin wutsiyar, wato milimita 6. A allo ɗaya ba wanda zai lura da milimita 6, amma da zarar an jera biyu kusa da juna sai ido ya kama, kamar yadda ya faru a teburinka.

Maganin shi ne ka daina tsakaita rubutu da akwatinsa, ka ɗaure shi da layin zaman haruffa. Allonka tsayinsa 200 ne, babban harafi kuma 40, saboda haka idan ka bar milimita 80 a sama da 80 a ƙasa, layin zaman zai faɗo a milimita 120 daga bakin sama. Ka ja layin jagora a nan ka kulle shi, kowane suna da kowace lamba su zauna a kansa, wutsiyoyi su rataya ƙasa abinsu. Idan kana son ka tabbatar da awon, ka rubuta babban harafin H shi kaɗai ka tsakaita shi, domin samansa da ƙasansa a miƙe suke. Kada ka gwada da O ko S, saboda masu ƙera haruffa da gangan suke sa masu zagaye su ɗan zarce layin sama da na ƙasa, don in ba haka ba sai ido ya gan su sun fi sauran ƙanƙanta.

Matsalar hotunan ma daga akwatin take. Hoton matakala yana da faɗi, hoton mutum a tsaye siriri ne, saboda haka idan ka auna tazarar suna daga gefen hoton kansa, farkon rubutun zai riƙa yawo daga allo zuwa allo. Ka zana murabba'i na milimita 100 wanda ba shi da launi, ka saka kowane hoto a cikinsa, ka haɗa su rukuni ɗaya, sannan ka riƙa awo daga murabba'in. A cikin murabba'in kuma kada ka sakar wa maɓallin tsakaitawa ragama baki ɗaya. Misali mafi sauƙi shi ne alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Tsakiyar akwatinta tana rabin tsayinta ne, amma tsakiyar nauyinta tana kashi ɗaya cikin uku na tsayin daga gindi. Idan kowane gefenta milimita 300 ne, tsayinta zai kai kimanin 260, tsakiyar akwati tana 130 daga ƙasa, tsakiyar nauyi kuma tana kimanin 87. Wanda ya ɗora hoto a 130 zai ga ya cushe a ƙunci can wajen tsini, ƙasa kuma ta zama wayam. Kibiya ma haka take, domin nauyinta yana wajen kanta, kuma idan aka karkata ta da digiri 45 akwatinta yana canza girma ko da yake kibiyar ba ta canza ba. Saboda haka ita ma gurbi tabbatacce take buƙata, a riƙa juya ta a cikinsa.

Akwai wasu ƙananan abubuwa biyu da ke ɓata awo a ɓoye. Na farko kaurin layin da ya kewaye siffa: layi mai kaurin milimita 4 rabinsa a waje yake, wato ya ƙara milimita 2 a kowane gefe, kuma a Inkscape da manhajar Illustrator akwai saitin da ke tantance ko za a lissafa wannan kaurin cikin girman abu ko ba za a lissafa ba. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kansa har ƙarshen aikin. Na biyu ya shafi masu rubutu da Hausa kai tsaye: salon haruffa da yawa ba su da ƙ, ɗ da ɓ, kuma idan manhaja ba ta same su ba takan aro su daga wani salon dabam ba tare da ta faɗa maka ba. Harafin aron yakan zo da nasa tsayi da kauri, wani lokaci har ya sauya tazarar layin da yake ciki. Tunda sunayenka da dama da Ɗ suke farawa, ka rubuta duk haruffan masu ƙugiya, manya da ƙanana, ka ƙara musu girma sosai ka dube su da kyau kafin ka amince da salon.

Mai Injin Yanka ya rubuta:

Ni a ɓangaren yankawa da liƙawa nake, wato wurina ne zanen ke zuwa bayan ya bar hannunku, kuma ina da ɗan saɓani da Malam Tsohon Hannu a kan misalin Birtaniya. Tsarin nan yana aiki sumul ne saboda a can rubutu ne ke haifar da allo: a jera kalmomi, a ƙara tazarar da aka ƙayyade, inda lissafi ya tsaya nan ne girman allon. Mai tambaya kuwa an riga an yanke masa hukunci, 900 da 200, ba ƙari ba ragi. A irin wannan hali, allo ne ubangida, kuma babbar tambayar da samfuri zai amsa ita ce, idan wuri ya ƙare, wane ne zai yi haƙuri?

Abin da na fi gani a zanen da ake kawo mini shi ne, mai zane ya kama dogon suna ya matse shi daga gefe har ya shiga gurbin. Wannan shi ne mafi munin zaɓi, domin layukan tsaye na haruffa suna sirancewa, na kwance kuma suna nan da kaurinsu, sai rubutun ya zama kamar wanda aka take. Na taɓa karɓar wani aiki da aka matse suna har siraran wuraren suka riƙa tsinkewa a lokacin da nake ɓare ragowar sitikar, dole muka mayar da shi aka sake zane. Rage girman harafi ma ba kyauta ba ne. A ƙa'idar alamomin hanya ta Amurka ana lissafa cewa kowane inci ɗaya na tsayin harafi yana karantuwa daga nisan ƙafa 30, wato kowace santimita ɗaya daidai take da mita 3.6. A wannan lissafin harafi mai milimita 40 yana karantuwa daga kimanin mita 14, idan ka mayar da shi 25 kuwa ya koma mita 9. Lissafin na direbobi ne, amma ya isa ya nuna cewa wanda ya tsaya a ƙarshen doguwar baranda zai karanta wani allon ya kasa karanta na kusa da shi.

Shawarata ita ce samfurin ya kasance da yanayi biyu rubutattu tun farko. Idan suna bai wuce milimita 400 ba, layi ɗaya ne, yana zaune a 120 kamar yadda Malama ta faɗa. Idan ya wuce, sai ya karye gida biyu ba tare da an taɓa girmansa ba. Layi biyu masu milimita 40 da tazarar 30 a tsakaninsu sun zama 110, saura 90, wato 45 sama da 45 ƙasa, saboda haka layin zama na farko yana 85, na biyu kuma yana 155 daga bakin sama. "Sashen Kula" a sama, "da Ma'aikata" a ƙasa, ya shiga ba tare da an cuci kowa ba. Wurin karya sunan kuma mutum ne zai zaɓa, kada a bar wa manhaja, don kada ta bar "da" ita kaɗai a ƙarshen layi ko ta raba abin da ma'anarsa ke tare. Kibiya da hoto kuwa a tsakiyar allo za su tsaya a duk yanayin biyu, ba za su bi rubutu ba. Sunan da ya ƙi shiga ko a layi biyu, a koma wa mai aikin a nemi ya gajarta shi.

Sannan akwai alaƙar da ba mai zane ne ke zaɓar ta ba. A alamar hani, wato jan zobe mai sanda a karkace, ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISO 3864 ce ta ƙayyade cewa kaurin zoben kashi 10 cikin 100 ne na faɗin alamar, sandar kuma kashi 8, tana saukowa daga sama ta hagu zuwa ƙasa ta dama a kan digiri 45. A Amurka kuma ƙa'idojin 2010 na sauƙaƙa wa masu naƙasa shiga gine-gine sun ce rubutun makafi ya zauna a ƙarƙashin rubutun da yake fassarawa, da tazarar da ba ta gaza milimita 9.5 ba. Irin waɗannan a kulle su rukuni guda, kada a shiga cikinsu ana gyara.

Abu na ƙarshe daga ɓangarena: idan za ka rubuta awon a takarda, ka faɗi daga wace kusurwa kake ƙirga. A fayil ɗin zane irin na SVG sifilin awo yana sama ta hagu, lamba na ƙaruwa zuwa ƙasa, a PDF kuwa yana ƙasa ta hagu, lamba na ƙaruwa zuwa sama. Inkscape kanta sai a fitowarta ta 1.0 a 2020 ta mayar da sifilinta sama. Wanda ya ji 120 bai san daga ina ba, zai iya ɗora rubutun a 80 daga bakin sama. Kuma idan za ka turo wa mai yanka, ka yi kwafi ka mayar da haruffan cikinsa siffofin zane, ka adana asalin da ake iya gyarawa.

Sabon-shiga ya rubuta:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara basira. Na sake gina samfurin a daren jiya, na ja layukan jagora uku a 85 da 120 da 155, na saka kibiya da hotuna a murabba'ai, kuma da na sake buga guda goman nan sai rubutun ya zauna a layi ɗaya kamar an ja zare. Na kuma gano cewa Ɗ ɗina na aro ne kamar yadda Malama ta yi hasashe, don ya fi sauran haruffan siranta, na canza salon.

Sai dai wata sabuwa ta ɓullo. Wasu wuraren ba su da hoton alama, kuma da yake suna yana ɗaure da hoto, ban san ko in matso da shi ya maye gurbin ba, ko in bar gurbin babu komai. Haka kuma idan hanya ta yi dama, na ga bai dace kibiya ta zauna a hagu tana nuna cikin rubutu ba, amma idan na mayar da ita dama, hoto da suna suna matsawa hagu da milimita 140. A bakin matakala alluna huɗu ko biyar ne za a jera wani bisa wani, kuma a gwajin da na yi farkon sunayen ya fito a karkace, wani ciki wani waje. Wanne ya kamata in fifita?

Malamar Zane ta rubuta:

Ɗan'uwa, amsar ta dogara ne da ko allon shi kaɗai zai tsaya ko a cikin jeri. Allon da ke bakin ƙofa shi kaɗai babu abin da ido zai gwada shi da shi, saboda haka idan babu hoto, suna ya matso ya ɗauki gurbin, har ma ka samu ƙarin milimita 140 da za su iya hana dogon suna karyewa. A samfurin sai ka rubuta sharaɗin a sarari: suna yana bin hoto, idan babu hoto ya bi kibiya, idan babu kibiya ya bi bakin allo, kuma tazarar abin da aka cire tana tafiya tare da shi. Mutane da yawa sukan cire hoto su manta da tazararsa, sai a samu rata ninki biyu a wurin.

A cikin jeri kuwa hukuncin ya juye. Mai neman hanya ba ya karanta alluna biyar ɗaya bayan ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, idonsa yana gangarowa ne ta farkon sunayen yana neman harafin da ya sani, kuma duk inda farkon ya goce sai ya tsaya ya sake nema. Saboda haka a nan suna ba ya bin maƙwabcinsa na hagu, yana bin layin tsaye guda ɗaya da duk allunan jerin suka yi tarayya a kansa, wato milimita 320 daga bakin hagu, gurbin hoton da babu kuma a bar shi wayam.

Game da kibiya, hankalinka ya faɗa maka daidai, domin kibiya tana jan ido ne zuwa inda ta nuna, kuma bai kamata ta soki rubutun da take yi wa jagora ba. A allunan nuna garuruwa na Amurka ƙa'idar ita ce kibiyar dama ta zauna a ƙarshen dama, ta hagu da ta miƙe kuma a ƙarshen hagu, sannan a jera su da tsari: na miƙe a sama, na hagu a tsakiya, na dama a ƙasa. Za ka iya ware wa kibiya gurbi a duka gefen biyu don kada komai ya motsa, amma hakan zai ci milimita 140 daga wurin suna, ya bar maka 260 kacal, wanda ko "Ɗakin ajiya" da wuya ya ɗauka a layi ɗaya. Ni ba zan biya wannan farashin ba. Abin da zan yi shi ne in tara allunan da ke nuna fuska ɗaya wuri ɗaya bisa wancan tsarin, sai ya zama na miƙe da na hagu duk sunayensu sun fara a 320, na dama kuma duk sun fara a 180. Gocewar za ta faru sau ɗaya ne kawai a jerin, daidai inda hanya ta canza fuska, kuma a nan tana taimaka wa mai karatu ya gane cewa rukuni ya canza. A allunan dama, lamba za ta daina bin bakin allo ta koma bin gefen hagu na gurbin kibiya, wurin suna kuma yana nan a milimita 400 ɗinsa.

Kafin ka buga sauran, ka fito da suna mafi tsawo da mafi gajarta a jerin sunayen da aka ba ka, da lamba mafi yawan alƙaluma, da allon da ba shi da hoto, da na kibiyar dama mai layi biyu. Ka buga waɗannan biyar a ainihin girmansu ko da a takardu ne da aka haɗa, ka manna su a bango wani bisa wani a tsayin da za a kafa su, sannan ka ja da baya kamar mita goma ka duba.